Takubban Manoma

A ƙasar Japan an yi wani zamani da aka shafe fiye da shekara ɗari ana yaƙi tsakanin larduna. Kowane lardi da sarkin yaƙinsa, kowane sarkin yaƙi idonsa na kan gonakin maƙwabci. A lokacin babu katanga tsakanin manomi da mayaƙi. Mutum ya dasa shinkafarsa, in an buga gangar yaƙi ya zaro mashi daga rufin ɗaki ya bi runduna, in kwanansa na gaba ya dawo girbi. Ƙauyuka kan haɗa kai su kori mai karɓar haraji. A lardin Kaga ma, manoma da ƙananan mayaƙa mabiya wata ɗariƙar addinin Buda sun tumɓuke mai mulkinsu a 1488, suka riƙe ƙasar kusan shekara ɗari.

Cikin wannan hargitsi aka haifi wani yaro a ƙauyen Nakamura, lardin Owari, wajejen 1537. Ɗan talakawa ne tilis. Ya bar gida ya yi ta gararamba, har ya samu shiga cikin barorin sarkin yaƙi Oda Nobunaga, aka ba shi riƙon takalma. Masu ba da labari sun ce wata safiya ta hunturu Nobunaga ya zura ƙafa ya ji takalmin da ɗumi, sai ya daka masa tsawa, wai zama ya yi a kai. Yaron ya durƙusa ya buɗe rigarsa, ga shatin ƙasa a ƙirji. Ashe nan ya ɓoye su, kada sanyi ya taɓa ƙafar ubangidansa. Daga takalmi aka ba shi mashi, daga mashi aka ba shi runduna, daga runduna aka ba shi gari da ganuwa. Da wani hafsa, Akechi Mitsuhide, ya ci amanar Nobunaga a Kyoto a 1582, wannan baran ne ya juyo da dakarunsa, bai cika mako biyu ba ya ɗaukar wa ubangidansa fansa. A 1585 fadar sarkin Japan ta naɗa shi kampaku, wato mai riƙon ƙasa a madadin sarki. Shi ne Toyotomi Hideyoshi.

Ya baza ma'aikata ƙauye-ƙauye da igiya da sandar awo. Kowace gona a auna ta, a ƙiyasta shinkafar da za ta bayar, a rubuta sunan mai nomanta, haraji ya bi sunan. Mutane ba su so ba. A 1587 lardin Higo ya yi bore wa Sassa Narimasa, wanda Hideyoshi ya ɗora musu, sai da aka tara rundunonin maƙwabta kafin wutar ta mutu. Shekara na zagayowa aka umarci Narimasa ya kashe kansa, bisa al'adar manyan mayaƙansu.

Fadar Hideyoshi ta cika da shawara. Wani tsohon hafsa ya ce ai maganin ba ɓoye yake ba, marigayi Nobunaga ya nuna shi a Nagashima a 1574, inda ya kewaye masu bore da shinge ya cinna wuta, dubban mutane suka ƙone, maza da mata. Wani ya ce a'a, a sassauta haraji, a bar ƙauye da makamansa, gobe za a nemi 'yan mashi.

Hideyoshi ya ji duka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk fadar babu wanda ya taɓa kwana a bukkar manomi kamarsa, ya ga inda ake rataye takobi. Ya san yunwar da ke fitar da yaro daga ƙauye, ya san abin da yaron kan zama in ya samu ƙarfe a hannu da shugaba mai ido. A lissafinsa, cikin kowane ƙauyen da ke da mashi akwai wani mai riƙon takalmi yana jiran ranarsa. Ƙona ƙauye asarar shinkafa ce, barinsa da makami kuwa kiwon magaji ne. Ya kuma tuna abin da ya yi a ganuwar Ota a 1585, lokacin da ya tare ruwa ya malale ta: ya kashe shugabannin masu bore, ya sallami manoman su koma gida da kayan nomansu, ban da makami. Abin da ya gwada a gari guda, shi ya yanke zai yi wa ƙasa duka.

A wata na bakwai na 1588 doka ta fito. An hana manomi ajiye takobi, dogo ko gajere, da baka, da mashi, da bindiga. Aka ce ƙarfen ba zai tafi a banza ba, za a narkar da shi a yi ƙusoshi da maɗaurai na ginin babban mutum-mutumin Buda da ake yi a Kyoto, mai takobi ya samu lada duniya da lahira. Aka ƙara da cewa manomin da ya tsaya ga kayan nomansa, zuriyarsa za ta zauna lafiya. Wani malamin addinin Buda a birnin Nara ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ainihin nufin shi ne a hana bore.

Dokar ta iso wani ƙauye inda wani dattijo ke zaune da jikansa, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. Dattijon ya binne 'ya'ya biyu a yaƙin da ba nasa ba, sau uku kuma ana ƙona masa rumbu. Da ma'aikacin hukuma ya shimfiɗa tabarma a dandali, shi ya fara kawo takobinsa, ya ɗora da hannu biyu, ya ce da ma ya gaji da kwana a ƙarƙashinsa.

Jikan ya tsaya a baya da mashin ubansa. Tun yana ƙarami ake ba shi labarin takalman nan, ya haddace shi tsaf. Ya matso ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe, yana da tambaya. Aka ce ya faɗa. Ya ce shin gaskiya ne mai wannan doka ɗan manomi ne? Ma'aikacin ya ce haka ake faɗa. Saurayin ya ce to, ta wace hanya ya bi ya fita daga gona, don shi ma ita yake nema? Ma'aikacin ya dubi mashin, ya dubi yaron, ya ce ya ajiye a kan tabarma, akwai mutane a bayansa.

Kakan ya kama hannunsa, ya ce jikana, ajiye, rai ya fi suna. Ya ajiye.

Ba a kwashe kowane ƙarfe ba. An bar wa mafarauta bindigogin korar aladun daji, wasu ƙauyukan kuma sun ɓoye abin da suka ɓoye. Amma daga nan aka fara sanin mutum da ƙugunsa: mai ɗaura takobi samurai ne, albashinsa shinkafa, mai riƙe fartanya shi ke noma shinkafar. A 1591 wata doka ta biyo baya, ta hana manomi barin gona ya koma birni, ta hana baran mayaƙi komawa noma ko kasuwanci.

Saurayin dai ya fita daga ƙauye. A 1592 Hideyoshi ya kai yaƙi Koriya, aka ɗebi manoma dako, har da shi. Ya tsallaka teku da buhun shinkafa a baya, ya ga ana mutuwa, ba shi da ko wuƙar kare kansa. Ya dawo da ɗingishi, ya tarar da kakan na nan da rai, ido ya tafi. Tsohon ya shafa fuskarsa, ya ce tun ranar da aka karɓi takubba ba wanda ya ƙara cinna wa rumbunsu wuta. Jikan ya ce gaskiya ne, kaka. Ya ce kuma tun ranar ba wanda ya ƙara tambayar ƙauyen nan nawa zai iya biya, sai dai a faɗa masa. Tsohon ya ce wannan ma gaskiya ne.

A 1596 girgizar ƙasa ta farfasa mutum-mutumin na Kyoto. A 1598 Hideyoshi ya rasu, ya bar ɗa mai shekara biyar. Gidan Tokugawa ya karɓe mulki, a 1615 ya ƙarar da gidan Toyotomi, amma katangar da Hideyoshi ya gina tsakanin takobi da fartanya suka bar ta a tsaye, suka ƙara mata tsawo. Japan ta samu zaman lafiya na fiye da shekara ɗari biyu, kuma a tsawon wannan lokaci ba a sake samun ɗan manomin da ya riƙi ƙasar ba.