Laifin Hannu Ne, Ko Na Suna?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu, ko iyayenmu, sun ci abinci daga masaƙun Sharada, Challawa da Bompai. Mun kuma ga yadda akasarinsu suka rufe ƙofa, saboda rashin wutar lantarki, da kayan fasa-ƙwauri, da atamfar jabu. Mai zane zai ɓata kwanaki yana fitar da sabon fure, sai wani can ƙetare ya kwafe shi, har da tambarin da ke bakin atamfar, a shigo da ita Kantin Kwari da araha. Mukan ji ana cewa: in dai tana da kyau, mai saye kuma ya ji daɗi, ina laifin? Tambayar ba ta wasa ba ce. Bari mu auna ta da labarin wani mutumin Holan, ƙasar da atamfa 'yar Holan ta samo sunanta.

An haifi Han van Meegeren a 1889. Yana da hannu ƙwarai, amma masana suka ce aikinsa kwaikwayo ne kawai, ba sabon abu a ciki. Abin ya ci masa rai, sai ya ƙudura ya kunyata su. Ya nemo tsofaffin ƙyallayen zane na ƙarni na 17, ya gauraya fentinsa da wani ƙaro na zamani, ya gasa a tanderu har ya bushe ƙamas, ya tsattsage kamar ya shekara ɗari uku. A kai ya zana Yesu da almajiran nan biyu a Imuwasu, ya sa sunan Vermeer, gwanin da ya rasu tun 1675. A 1937 babban masani Abraham Bredius ya tabbatar cewa na Vermeer ne, gidan adana kayan tarihi na Boijmans a Rotterdam kuma ya karɓe shi da tsada. Mu lura da abin mamaki: labarin da Luka ya ba mu na buɗewar idanu lokacin gutsuttsura gurasa, shi aka ɗauka aka rufe idanun jama'a da shi.

A nan ne ya kamata ya fito ya ce, "Ni ne," in da gaske gori yake so ya rama. Bai fito ba. Kuɗi sun shigo, ya ci gaba da zana wasu. Ɗaya daga ciki, na Yesu da matar da aka kama da zina, ya kai hannun Hermann Goring, na hannun daman Hitila. A 1945 aka kama shi da zargin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa. Don ya tsira, dole ya rantse cewa shi maƙaryaci ne, har ya zana wani sabo a gaban shaidu kafin a yarda.

To, me ya canja a jikin zanen ran da asiri ya tonu? Ko ɗigon fenti bai motsa ba. A ganinmu kwaikwayo ba zunubi ba ne. Da shi kowane yaron marini a Ƙofar Mata yake koyon sana'a. Laifin yana cikin sunan. Suna shaida ne: wanda ya sa shi yana cewa, "Na tsaya a kan wannan." Saboda haka mai jabu ya taka doka ta takwas, ta shaidar zur, kafin ya kai ga ta bakwai, ta sata. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga mai saye ba. In tambari ya daina nufin kome, mai aikin gaskiya ma ba shi da hanyar nuna nasa. Ma'aikacin Challawa da aka sallama bai sayi jabu ba, amma ya biya kuɗinsa.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Bredius ya daɗe yana sa ran a gano irin wannan zane, shi ya sa ya gan shi. Mu kuwa muna son a ga babban tambari a jikinmu ran Kirsimeti, ba tare da mun biya farashinsa ba, mai jabu kuma ya san haka.

Van Meegeren ya yi shekaru yana jin ana yabon aikinsa da sunan wani, ba halin ya amsa. A Nuwamba 1947 kotu a Amsterdam ta ɗaure shi shekara guda. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 30 ga Disamba, kafin ya fara zaman.