Farin Taki da Shinkafar Bakin Hanya

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada a tsakiyar damina zai ga shinkafa dama da hagu. In ya rage gudu ya duba da kyau, zai lura koren ba iri ɗaya ba ne. Wata gonar korenta mai haske ne, irin na ɗanyen lemun tsami. Wata kuwa ta yi kore shar har tana neman komawa baƙa, ta ɗara maƙwabtanta da taƙi guda, ganyenta fala-fala yana sheƙi. Ita fasinjoji ke nunawa ta tagar mota suna cewa, “Kai, wannan gonar wa ce?” Tsofaffin manoma kuwa in sun dube ta sai su ja bakinsu su yi shiru, don sun san abin da ta sha.

Yuriya ta sha, ta kuma sha fiye da kima. Takin nan fari ne fat, ƙwayoyinsa kamar tsabar gero, in ya daɗe a tafin hannu mai gumi sai ya fara narkewa. Da iskar gas ake sarrafa shi, a masana'antu irin na Indorama a Eleme ta jihar Ribas da na Dangote a Lekki. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da shuka ke gina ganye da shi. Saurin aikinsa ne abin mamaki. A watsa shi yau a ƙasa mai danshi, kafin mako ya zagayo shinkafar da ta yi rawaya ta farfaɗo tana ƙyalli. Sai dai ba ya zama. Wani ya bi iska, wani ya bi ruwa, bayan 'yan makonni ganye ya soma koɗewa, mai gona ya sake ɗauko kwano.

Allah Ya yi wa kowane abu ma'auninsa. In aka zuba daidai, a lokacin da ya dace, albarka ce. In aka zarce, sai shukar ta mayar da ƙarfinta duka ga abin da ido ke gani. Kara ya yi tsawo amma ya yi laushi, ganye ya cushe har rana ba ta kaiwa gindi, tsutsa mai huda kara ta samu abinci mai taushi, ciwon ganye ya samu wurin zama. Sa'anninta su fitar da kai, ita tana nan tana ƙawa. Ranar da iskar ƙarshen damina ta taso da dare, gajerun da ba wanda ya kula da su sai su sunkuya su miƙe. Ita kuwa da safe a tarar ta kwanta, zangarniya cikin laka, wata ta ruɓe, wata ta tsira a kwance, wata in an murza babu komai ciki.

Akwai wani farin abu mai irin wannan hali, sai dai shi ba a gona ake watsa shi ba. Hausawa sun raɗa masa suna hodar iblis. Daga ganyen koka ake tace shi, tsiron da ake nomawa a Kolombiya da Peru da Bolibiya, Afirka ta Yamma kuma ta zame masa zango a hanyarsa ta zuwa Turai. A watan Satumba na 2022 hukumar NDLEA ta kama fiye da tan ɗaya da rabi a wani ɗakin ajiya da ke Ikorodu. Kowane ayari kuwa yakan bar wani abu a zangon da ya kwana.

Yadda hodar take aiki a ƙwaƙwalwa, mai noman rani da ruwan Tiga zai fi kowa ganewa. In mutum ya ci nasara ko aka yabe shi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna dofamin, ya ji daɗi, sannan ta janye shi ta adana, kamar yadda ake sakin ruwa a fangali a kuma sake masa hanya in ya ƙoshi. Hodar toshe hanyar komawar take yi. Ruwa ya taru ya yi ambaliya, mutum ya ji kamar ya ci gari alhali bai tashi daga kujera ba. Bakinsa ya buɗe, gajiya ta tafi, ya ji ba mai hikimarsa a ɗakin. Wanda ya shaƙa, minti 15 zuwa 30 abin ke yi masa. Wanda ya zuƙi hayaƙinta bai kai haka ba. Daga nan sai koɗewa: ƙunci, kasala, zargin mutane, da neman ƙari.

To, wace ƙasa ce ta fi nuna aikin yuriya? Gonar da aka saba kai wa takin gida kowace shekara, ko an watsa mata farin, canjin kaɗan ne, don dama a ƙoshe take. Wadda ta gaji, ta koma rairayi, ita ce ke yin tsalle da kwano ɗaya, ita ce kuma ke fara koɗewa. Mutane ma haka. Akwai wanda ji da kai ya yi wa katutu: yana ganin ya fi kowa, ba ya ƙoshi da yabo, ciwon wani ba ya taɓa shi, gyara kaɗan kuma sai ya ɗauke shi cin mutunci. Likitocin ƙwaƙwalwa suna lissafa wannan cikin lalurorin hali idan ya yi tsanani, kuma sun daɗe da lura cewa a ƙarƙashin taƙamar sau da yawa akwai zuciya mai tsoron a gano ba ta kai ba. Kullum sai an zuba masa yabo daga waje. Da can maroƙa da 'yan kore ke wannan aiki, yanzu an ƙara da masu danna alamar so a Facebook da TikTok. Amma maroƙi yakan gaji, yakan koma gidan da ya fi kyauta. Hodar kuwa ba ta jiran kowa, a cikin kai take yin kirarin.

A 1985 wani likita na jami'ar Harvard a Amurka, Edward Khantzian, ya kawo bayanin cewa mai shaye-shaye ba da ka yake zaɓar ƙwayarsa ba, yana neman wadda ta dace da mikinsa ne. Mai fama da tafasar zuciya yakan nemi mai kwantarwa, mai jin ya yi ƙasa yakan nemi mai ɗagawa. Wani abin lura ma ya riga wannan da shekara ɗari. Sigmund Freud na Biyana ya rubuta maƙalar yabon hodar a 1884, har ya ba abokinsa Ernst von Fleischl don ya raba shi da mofin, abokin ya ƙare da jaraba biyu. Shi dai wannan Freud ɗin ne a 1914 ya rubuta shahararriyar maƙalarsa a kan mutumin da ya mayar da ƙaunarsa duka ga kansa. Hannu ɗaya ya rubuta biyun, shekara talatin tsakani.

Kada dai a yi wa kowa kuɗin goro. Ba kowane mai girman kai ne ɗan hoda ba, kuma wani lafiyayyen mutum ne mai kunya, hodar ce ta koya masa fankama da rashin ganin kowa da gashi, kamar yadda taki kan sa irin kirki ya yi tsawon banza. A ƙauyukan Bebeji da Doguwa ma ba ita ce a gaba ba. Tiramadol da wiwi da kodin sun fi ta sauƙin samu nesa ba kusa ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, 'yan hoda kuwa ba su kai dubu ɗari ba. Tsadarta ce ta taƙaita ta, tsadar kuma ita ce rabin daɗinta ga mai son a gani: abin da yaron unguwa ba zai iya saya ba, shi ya dace da babban mutum. Manomin ma da gonarsa ke can ƙurya bai cika zarce awo ba. Na bakin titi ne ke jin ana kallo.

Wahalar ta fi fitowa wajen magani. A Kiru akwai makarantar gyaran tarbiyya da gwamnatin jihar Kano ta tanada domin masu shaye-shaye, amma kowane irin wuri ne, ƙofarsa ta farko ita ce mutum ya ce, “Na kasa, ku taimake ni.” Wannan kalma kuwa ita ce mai ji da kai ya gina rayuwarsa duka don kada ta fito daga bakinsa. Zai ce shi ke juya abin ba abin ke juya shi ba, zai ce likitan bai kai ya gane shi ba, zai ce sauran da ke wurin ba sa'anninsa ba ne. Gyaran ƙasar da ta gaji ma haka yake da rashin armashi. Kashin shanu ne da toka da shara, a ɗauka a mangala ko a amalanke cikin zafin bazara, a jibge tuli-tuli, ga wari, ga jira na shekara biyu ko uku, ba kuma fasinjan da zai leƙo ya ce sannu.

Da kaka ta yi, mai gonar bakin hanya ya sa yara suka tsamo abin da za a iya tsamowa daga laka, aka shanya, aka buga, aka sheƙe. Iska ta kwashi fiye da yadda ya zata. A kasuwar Tudun Wada dillali ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya murza, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya faɗi farashin da bai yi masa daɗi ba. A hanyar komawa gida ya tsaya shagon mai taki ya tambayi kuɗin yuriya, ya ce baɗi in Allah Ya kai mu zai ƙara buhu ɗaya, don a ganinsa takin ne bai isa ba.