Wane ne na kusa?

A ajin koyon Jamusanci a Bonn, kalmar nah ce ta fara sa ni gumi. Ma'anarta kusa. In ka ce gidan yana kusa, das Haus ist nah, tana nan zaune ba wutsiya. Da zarar ta shiga gaban suna kuwa, sai ta fara canza riga: ein naher Verwandter, wani ɗan'uwa na kusa; der nahe Verwandte in an san wanda ake nufi; dem nahen Verwandten in shi za a miƙa wa abu. Jinsi uku, matsayi huɗu. Mu da muka tashi da sabo, sabuwa, sababbi, ashe hutu muke yi.

Haddar jadawalin ta zo ta wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kalmar ta ƙare. Daga nah sai näher, ya fi kusa, sai nächste, wanda babu kamarsa kusa. Da Martin Luther ya fassara Sabon Alkawari a 1522, wannan ce kalmar da ya ba mutumin da aka umarci Kirista ya so kamar kansa, der Nächste. Bai ce Nachbar ba, maƙwabcin katanga, ko da yake shi ma daga nah ya fito. Suratun Nisa'i, aya ta 36, ita ma ba ta tsaya kan dangi ba. Ta haɗa da maƙwabci bare, da abokin zama, da matafiyi. Na san ayar tun ina makarantar allo, amma a aikace ma'aunina jini ne da unguwa. Zumunta a ƙafa take, ƙafata kuwa gidajen da ta sani kawai take zuwa.

Ran nan ina ɗakin jira a asibiti, ma'aikaciya ta leƙo ta ce, “Der Nächste, bitte.” Mai bi ya shigo. Kalmar Luther ce dai, a bakin mace mai gaggawa, kuma ba ta tambayi ɗan gidan wane ba. Dattijon da ke gefena, da takarda a ninke a hannu, bai motsa ba. Da alama Jamusancinsa bai kai nawa ba. Na taɓa masa gwiwa, na nuna masa ƙofa.