Maɗaciyar da Ba Ta Yi Laifi Ba

Shin ya halatta mutum ya sa a yanke masa sashen jikin da ke lafiya lau, don tsoron ciwon da bai zo ba? Yayata da ke zaune a Kano ce ta jefo mana wannan tambaya gida a Dingaya, ta waya daga Alƙahira. Ƙiba ta yi mata yawa, ga ciwon suga, gwiwoyi kuma sun mayar da ita sallar zaune. A can za a yi mata aikin rage tumbi, sai likita ya ba ta zaɓi: a haɗa da maɗaciya a cire, ko a bar ta.

Aikin kansa bai ba mu wahala ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta rage ƙiba da tiyata idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince daga cutarwa. Maɗaciyar ce ta raba kan gida. Baffa ya ce mata: "Ke 'yar nan, jiki amana ce. Me ta yi miki?" Ƙanena, malamin jinya, ya ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma, ai rigakafi ya fi magani."

Likitan yana da dalili. Idan mutum ya rame da sauri, hanta takan zuba kitse mai yawa cikin ruwan ɗaci, maɗaciya kuma ba ta matsewa sosai saboda abinci ya ragu. Ruwan sai ya kwanta ya daskare, ya zama tsakuwa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na waɗanda ba su sha magani ba sun yi tsakuwa cikin wata shida bayan aiki, amma masu shan ursodiol, miligiram 600 a kullum, kashi 2 kacal. Kuma yawancin masu tsakuwar ba ta taɓa damunsu.

Na fi karkata ga Baffa, sai dai ba don dalilin da wasu ke zato ba. Wannan ba rigimar tawakkali da sababi ba ce. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma shi ne a kan daidai. Amma juyawa ba ta rage wa kowa gaɓa ba. Yanka tabbas ne, ciwon kuwa zato ne, ga shi akwai ƙwayar da ke kore mafi yawan zaton. Wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san yadda ake lallaɓa maɗaciya daga jikin hanta, numfashi a riƙe, don kada wuƙa ta goce. A jikin mutum ma hannu kan goce ya taɓa magudanar ɗaci, ko da ba kasafai ba, wasu kuma kan yi fama da gudawa bayan an cire.

Inda ƙanena ya kama ni shi ne nisa. Ciwon maɗaciya yakan taso da dare, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, har ya harba kafaɗa. Mazaunin Kano yana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kusa. Mu sai an nemi mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, a damina kuwa kowa ya san halin hanya. Idan kuma aikin na karkatar da hanji ne, ciro tsakuwar da ta faɗa magudana ta hanyar zura bututu ta baki yakan yi wuya ƙwarai. Malamanmu sun daɗe da sanin fatawa tana duba wuri da hali; tsoron mai asibiti a ƙofar gida ba ɗaya yake da na mai jiran mota ba.

Don haka na ce mata: "Yaya, ki sa a yi hoton ciki tukuna. In akwai tsakuwa kuma tana ciwo, a cire, ba ki ci amana ba. In babu, ai Kano za ki koma." Hoton bai nuna komai ba. Ta bar ta, ta dawo da maganin wata shida a jaka, Baffa kuma shi ya ɗauki nauyin kiranta yana tambaya ko ta sha.