Keken Baba, Ko Wani Keken?

Da muka buɗe rumbun gidanmu a unguwar Garu ta Dutse bayan rasuwar Baba, sai ga kekensa jingine, tsatsa ta cinye shi. Na kankare goshinsa da toka da tsumma har tambarin kan zalɓe ya fito: Raleigh ne, na Nottingham ta Ingila. A kansa Baba ya yi ta kai dabino kasuwar Shuwarin, tun kafin Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991.

Mai gyara ya sauya taya, sarƙa, birki, sirdi da feda. Da ya gama, yayata ta dube shi ta ce, "Ƙanena, wannan ai ba na Baba ba ne." Maganar ta hana ni barci.

Girkawa sun yi wannan gardama a kan jirgin ruwan Theseus, wanda aka yi ta sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa hadisin Abu Huraira na tuna, cewa jikin ɗan Adam duk zai ruɓe ban da ɗan ƙashin gindin baya, daga shi za a sake haɗa halitta. Ba na kwatanta ƙarfe da mutum, Allah Ya tsare. Amma shi ya sa na hana a yi wa gangar jikin keken fenti. Akwai lotsawa a sandar tsakiya, inda buhu ya shekara yana danna ta. Kullum na hau zuwa masallaci, gwiwata tana gogar wurin.