Sunayen da ake rubuta wa tuta

A al'adar sojan Faransa, rundunar da ta yi fice a fagen fama akan rubuta sunan wurin da shekarar da ruwan zinariya a jikin tutarta. Ba rundunar ke zaɓa wa kanta ba, hukumar soja ce ke yanke hukunci. Kuma ba lalle sai an ci nasara ba. A Camerone, ƙasar Meziko, a 1863, sojojin Legion kimanin 60 suka yini suna fafatawa da mayaƙa wajen 2000, aka kashe wasu, aka kama saura. Duk da haka sunan yana kan tutocin Legion. Ashe tsayuwar daka ake girmamawa, ba galaba ba.

To, amma jarumta tana wanke manufar da aka yi ta dominta? Ga tutar runduna ta farko ta sojojin Afirka da ake kira tirailleurs sénégalais, waɗanda aka kafa a 1857 zamanin Faidherbe. An rataya mata lambar Légion d'honneur a Longchamp ranar 14 ga Yuli 1913. Cikin sunayen da ke jikinta akwai Dahomey 1892 da Madagaskar 1895. Wanda ya karanta su daga Paris zai ga ɗaukaka. Wanda ya karanta su daga Abomey zai ga ranar da aka karya mulkin Behanzin, da hannun baƙar fata irinsa. Sojan da ya tsaya gaban harsashi bai yi ƙarya ba, jininsa ne ya zuba. Sai dai ba a tambaye shi wa za a yaƙa ba.

Abin da tuta ta yi shiru a kansa ya fi nauyi. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone garuruwa, ya yi ɓarna a Lugu, garin Sarauniya, ya karkashe mutanen Birnin Ƙonni. Bayan mutuwar kaftin ɗin biyu a watan Yuli, ragowar ayarin ya kama Damagaram, sannan Joalland ya ja wani sashe nasa suka wuce har Kusuri, inda aka kashe Rabe a Afrilu 1900. Tafiya ɗaya ce, bindigogi ɗaya. Faransa ta riƙe Kusuri abin tunawa, har ta sa wa Fort-Lamy sunan kwamandan da ya faɗi can. Ƙonni kuwa sai a bakin tsofaffi.

Haka Thiaroye, kusa da Dakar. Ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wuta kan sojojin da suka komo daga zaman fursuna a Turai, don sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Rahoton soja ya ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin sun ninka haka sau da yawa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amince da cewa kisan gilla ne.