Shin Mantuwa Hukunci Ce?

Akwai wata magana da mutane suka riƙe tamkar gaskiya, wai zamani shi ne alƙalin fasaha, abin da ya yi kyau zai tsira, wanda kuwa aka manta dama bai cancanci a tuna da shi ba. Ina so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu auna wannan magana da wani fanni na kiɗan Turawa, wato na basun da fiyano.

Basun abin busa ne na katako, dangin algaita ta wajen bakin busarsa, bututunsa ya kai kimanin mita biyu da rabi amma an ninke shi biyu, muryarsa kuma kakkaura ce. A babbar ƙungiyar makaɗa aikinsa yawanci rakiya ne. Idan aka haɗa shi da fiyano kaɗai, sai ya zama abin da suke kira kiɗan ɗaki, na mutum biyu da 'yan masu sauraro kaɗan. Irin wannan ba ya cika zaure, saboda haka masu buga takardun kiɗa da masu shirya taro ba su cika ɗokinsa ba. To, ga dalilin mantuwa na farko, wato kasuwa.

Na biyu shi ne ajali. William Hurlstone, mutumin Ingila, ya tsara kiɗan basun da fiyano a 1904, ya rasu a 1906 yana ɗan shekara 30, tun sunansa bai kafu ba. Na uku sakaci ne na magada. Antonio Vivaldi ya bar kiɗan basun har guda 39, ya mutu a 1741 cikin talauci, takardunsa kuwa suka yi ta kwana a ɗakunan ajiya har zuwa tsakanin 1926 da 1930 da aka tattara su a ɗakin karatu na birnin Turin a Italiya. Na huɗu mulki ne. Paul Hindemith ya rubuta nasa kiɗan basun da fiyano a 1938, shekarar da ya bar Jamus bayan gwamnatin Hitila ta hana jin ayyukansa. Shi Allah ya sa aikinsa ya tsira, amma da yawa daga waɗanda aka danne tare da shi sai bayan shekaru masu yawa aka waiwaye su. Cikin waɗannan dalilai huɗu babu wanda ya saurari kiɗan kafin ya yanke masa hukunci.

Sai dai wani zai ce, ai ba duk abin da aka binne ne zinariya ba. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne amanar mai tono take. Idan ya yabi aiki don kurum shi ya gano shi, ya yaudari jama'a, ya kuma ɓata wa na ƙwarai hanya.

A ganina, bashin da matattun masu fasaha ke bin mu shi ne sauraro, yabo kuwa sai aikin ya ciwo wa kansa. Takardar kiɗa bebiya ce har sai mabushi da makaɗi sun zauna sun ba ta murya. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka a fara busawa tukuna, a ji, sannan wanda zai manta ya manta bisa sani.